Yadda za ku kai ɗan'uwanku asibitin ƙwaƙwalwa ba tare da an take masa haƙƙi ba

A garin nan namu na Kano, daga ranar da aka ce wane ya samu taɓin hankali shikenan an daina yi masa magana, sai dai a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya wajen. A yanke masa inda za a kai shi, a karɓe masa waya da katin banki, a ba shi magani bai san sunansa ba, in ya tambaya a ce ciwon ne ya motsa. Kuma yawanci ba mugunta ba ce, tsoro ne da gajiya da rashin sanin yadda ake yi. Shi ya sa nake son mu bi abin daki-daki, tun daga gida har ranar sallama, domin wallahi yawancin haƙƙin mara lafiyar nan a hannun dangi yake kafin ya je hannun likita.

Akwai doka a kan wannan. Najeriya ta daɗe tana aiki da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta tun 1916 ne zamanin Turawa, kuma kusan duk abin da ta sani shi ne a kama a tsare. A farkon 2023 aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, ita kuma ta hana ɗaure mutum da mari ko sarƙa, ta hana nuna masa wariya a wajen aiki da neman magani, ta ba shi damar a sa shi cikin shawarar maganinsa da damar ya zaɓi wanda zai tsaya masa. Ga kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da ta tsare sirrin kowane mara lafiya. To amma doka ba ta bin mutum cikin ɗakin likita, ku ne za ku shiga da ita.

Kafin ku fita daga gida

Farko dai ku duba ko abin na gaggawa ne irin na jiki. Mutumin da jiya lafiyarsa ƙalau yau ya rikice, ga zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya ko jijjiga, ko mai ciwon suga ne, ko ya buge kansa kwanan nan, wannan sashen gaggawa na asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano za ku nufa da shi yanzun nan, domin maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau da faɗuwar suga duk suna sa sambatu, kuma suna kisa in an tsaya ana hayaƙi. Wanda kuma abin ya daɗe yana taruwa, rashin barci, jin muryoyi, zargin ana bin sa, kulle kai a ɗaki, ko shaye-shaye, shi ne za ku nema wa sashen ƙwaƙwalwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau.

Sai ku gaya masa gaskiya. Na san abin da aka saba, a ce masa zo ka raka mu gaisuwa, sai ya buɗe ido ya ga ƙofar asibiti. Ranar kun yi nasara, amma mutumin da dama ciwonsa shi ne zargin ana haɗa masa baki, kun tabbatar masa da zarginsa, kuma gobe ko ruwa kuka miƙa masa sai ya yi tunani. Ku nemo mutum ɗaya da yake jin maganarsa, ko kawu ne ko aboki ko limamin unguwa, ya zauna da shi su biyu ba taron dangi ba, ya kama abin da shi kansa yake kuka da shi. Kamar ya ce, "Ƙanina, kwana nawa rabonka da barci? Zo mu je likita ya duba wannan rashin barcin, ni zan shiga da kai, ba zan bar ka ba." Ba sai an ce masa ka haukace ba, kuma ba a yi masa ƙarya ba.

In ya ƙi kuma babu haɗari, ku ba shi lokaci, ɗaya daga cikinku ya je asibitin shi kaɗai ya nemi shawara. In akwai haɗari, yana cewa zai kashe kansa ko ya ɗauki makami ko ya daina ci da sha, to nan ba a jira. Ku kwashe wuƙa da igiya da fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna daga inda hannunsa zai kai, kar a bar shi shi kaɗai, a samu manya uku ko huɗu masu sanyin rai su raka shi a mota. Kar a kira samarin layi su danne shi ana ihu yara na bi, kar a ɗaure shi da igiyar shanya a cusa a adaidaita sahu, kuma duk rintsi kar a kifa shi ko a hau ƙirjinsa ko a shaƙe wuya, mutane suna mutuwa a haka saboda numfashi. Ku sa masa kaya masu kyau da hula, in mace ce da hijabinta. Zai warke ya dawo layin nan, kuma zai tuna yadda aka fita da shi.

A ɗakin likita

Ga abin da ake gani kullum. Likita ya juya ya ce, "Malam, me yake damunka?" Kafin bawan Allah ya buɗe baki sai baffansa ya karɓe, "Ai likita kar ka wahalar da kanka, ba ya cikin hayyacinsa, ni zan yi maka bayani." Shi kuma ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, ba zai ƙara cewa uffan ba har a fita. Baffa, don Allah a bari ya fara. Likita yana buƙatar bayaninku sosai, yaushe abin ya fara, yana barci ko ba ya yi, akwai mai irin ciwon a dangi, me aka riga aka ba shi, amma yadda shi mara lafiyar yake magana shi ne babban abin da ake aunawa. In likita ya ce ku ɗan fita, ku fita ba tare da jin haushi ba. Akwai abin da yaro ba zai faɗa gaban mahaifinsa ba, akwai abin da mace ba za ta faɗa gaban mijinta ko uwar mijinta ba, wani lokacin ma abin da ke cinta yana cikin gidan ne. Mace tana da damar ta ce a samo nas mace ta tsaya lokacin da ake duba ta. A asibitin koyarwa za ku ga ɗalibai, koyo suke yi kuma da su za a samu likitocin gobe, amma in mara lafiya ya ce ba ya son yin magana gabansu, ana iya roƙon su fita.

Kar ku ɓoye maganin gargajiya ko na Islamik kemis da kuka ba shi, kar ku ɓoye tiramol ko wiwi ko sirop don kunya. Ba ofishin 'yan sanda kuka je ba, kuma ɓoyewar tana iya sa a ba shi maganin da bai dace ba.

Magani sai da bayani, kuma bayanin da Hausa in ita yake ji. Ku tambaya, shi ma ya tambaya: menene sunan ciwon, menene sunan maganin, yaushe za a fara ganin sauƙi, wace illa yake da ita, har tsawon wane lokaci za a sha, akwai wani mai sauƙin kuɗi? Ku sa a rubuta muku sunan a takarda. Wannan maganar illa ina son a riƙe ta da kyau domin ita ce take korar mutane daga asibiti. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine suna iya sa jiki ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, wani ma cikin kwanakin farko wuyansa ya murɗe gefe guda, ido ya juye sama, harshe ya fito. Uwa ta ga haka sai ta fasa kuka ta ce aljanin ne ya tashi maganin asibiti bai karɓe shi ba, a kwashe shi zuwa wajen mai ruƙiyya, alhali illar magani ce sananniya kuma akwai allura da ƙwayar da take warware ta cikin ɗan lokaci. Ku koma asibiti a ranar. In sandarewar ta haɗu da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, wannan gaggawa ce, ko tsakar dare ne. Olanzapine yana sa ƙiba kuma yana iya taɓa suga, don haka a riƙa auna nauyi da jini. Lithium sai da gwajin jini lokaci-lokaci, kuma ƙishirwa tana sa ya taru a jiki, mai shan sa ya yi shawara da likita kafin azumi musamman a zafin Kano. Mace mai shan sodium valproate da take da ciki ko take son ɗauka ta faɗa da wuri domin yana iya cutar da jariri. Maganin ciwon damuwa kuma yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ji daɗinsa. Duk wannan haƙƙinsa ne ya sani, ba alfarma ba ce.

Batun zuba magani a shayi ko kunu a ɓoye, ni dai ban goyi baya ba. Ranar da ya gane ya daina cin abincin gidan ke nan. In ƙin sha ne matsalar ku gaya wa likita, akwai allurar da ake yi bayan wasu makonni, akwai canjin magani, kuma sau da yawa in an saurare shi za a ga yana da dalili, maganin yana kashe masa jiki ne ko yana hana shi kusantar iyalinsa kuma kunya ta hana shi faɗa.

In za a kwantar da shi

Asali shi ne da yardarsa, shi zai sa hannu bayan an yi masa bayani. Kasancewar mutum yana da ciwon ƙwaƙwalwa ba ya nufin ba zai iya yanke shawara ba, da yawa suna iyawa, wasu kuma sukan rasa ikon na 'yan kwanaki ya dawo. Kwantarwa ba da yarda ba tana nan, amma don wanda ciwon ya yi tsanani ne har ana tsoron ya cutar da kansa ko wani, kuma likitoci ne suke tantancewa, ba fushin mahaifi ko gajiyar miji ba. In an kai ga haka ku tambayi dalili, ku tambayi yaushe za a sake duba hukuncin, kuma da zarar ya dawo hayyacinsa shawara ta koma hannunsa. Kar ku dangwala hannu a takardar da ba a karanta muku ba, musamman in an zo maganar jona wa mara lafiya wutar lantarki a kai. Magani ne na gaske da yake ceton rai a wasu lokuta, amma ana yin sa ne da allurar barci da cikakken bayani da yarda.

Wani lokacin a asibiti sai an riƙe mara lafiya ko an ɗaure shi a gado na ɗan lokaci saboda yana neman ji wa wani ciwo. Ƙa'idarsa ita ce ya zama an rasa wata hanya, da umarnin likita, da ƙyalle mai laushi, ana leƙa shi akai-akai, ana ba shi ruwa da damar kewayawa, a rubuta a fayil, a kwance shi da ya lafa. Ba a yi don horo ko don ma'aikata su huta. In kun zo dubiya kun ga shatar duka ko ƙuna a wuyan hannu, ku tambaya a ranar, ku rubuta kwanan wata da lokaci. Kuma ku riƙa zuwa dubiyar. Wanda danginsa suke zuwa da wanda aka ajiye aka manta da shi ba ɗaya ba ne, ko a zuciyarsa ko a idon masu kula da shi.

Gidan mari kam a'a. Mun ga abin da ya faru a watan Satumban 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala, sai ga irinsa a Daura, kuma a Nuwamban shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a faɗin ƙasar nan, a gidajen malamai da coci-coci har da wuraren gwamnati. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba ƙin su suke yi ba, sun rasa yadda za su yi ne. Amma duka ba ya fitar da ciwo, sarƙa tana cin ƙafa har ta ruɓe, kuma kulle mutum a ɗakin baya na gida shi ma gidan mari ne ko da babu allo a ƙofa. Addu'a da karatu da tofi babu wanda ya hana, ku yi, shi ma yana samun natsuwa da su. Malamin da ya ce a jefar da maganin asibiti, ko yake dukan mara lafiya da sunan aljani yake duka, ko ya ce a bar shi shi kaɗai da yarinya a ɗaki, ku ɗauke ɗanku daga wajensa.

Sirri

Nan ne muka fi yin ɓarna a zamanin waya. Mutum yana cikin ciwo yana sambatu ko ya tuɓe, wani ya ɗauki bidiyo ya tura guruf ɗin dangi wai a taya da addu'a, kafin magariba ya kai Facebook da TikTok. Shi zai warke, bidiyon ba ya gogewa, zai tarar da shi ranar neman aure da ranar neman aiki, 'ya'yansa ma za su gani. Ko neman taimakon kuɗi za ku yi, ba sai da fuskarsa da sunansa ba. In likita ne yake son ganin yadda abin yake tasowa, ku nuna masa a wayarku ku goge.

Ma'aikacin asibiti ba shi da ikon faɗa wa kowa ciwon mutum sai da yardarsa, ko da umarnin kotu, ko in akwai haɗari ga jama'a. Wato mai gidansa na wajen aiki ko masu binciken aure ba za su je su samo wani nas ɗan unguwa ya leƙa musu fayil ba, in ya yi ya ci amana kuma ana iya kai ƙararsa. Amma fa ta ɓangaren aure ina ganin ɓoyewa gaba ɗaya ma zalunci ne ga kowa. Amarya ta tare tana ɓoye maganinta a ƙasan akwati, ta daina sha don kar ango ya gani, wata uku ciwo ya dawo, a ce an yi masa rufa-rufa. Gara ita da kanta, ko shi da kansa, ya faɗa wa wanda zai aura idan magana ta yi nisa, su je wajen likita tare. Faɗar tasa ce, ba ta maƙwabta ba.

Dukiyarsa ma tasa ce. In dole wani ya riƙe masa katin banki ko shago ko rabon gadonsa lokacin ciwo, amana ce, a samu littafi a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita da shaidu, a mayar masa idan ya samu sauƙi. Kar a sa shi ya sa hannu a takardar sayar da fili yana cikin ciwo. Addininmu ya ce an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, don haka in ya furta saki a wannan halin kar ku yanke hukunci a tsakar gida, ku je wajen malami masani ko alƙali. Ita kuma mai jego da ta rikice bayan haihuwa, ciwo ne da yake warkewa in an kai ta asibiti da wuri, ba dalilin a kore ta gidansu a raba ta da jaririnta har abada ba ne, a dai sa ido kar a bar su su biyu har ta samu sauƙi.

In an yi muku ba daidai ba

Ku fara da shugabar nas-nas ta ɗakin, in ba a gyara ba ku nemi babban likitan da mara lafiyar yake ƙarƙashinsa. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke, na jiha akwai Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano, masu zaman kansu akwai hukumar PHIMA. Laifin likita na aiki hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ce take bincikensa, nas-nas ma suna da tasu majalisar, in kuma duka ne ko ɗauri ko cin zarafi akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da 'yan sanda. Ku rubuta koken a takarda da kwanan wata, ku riƙe kwafi, ku ajiye kati da rasit. In kuɗi ne ya gagara ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya kafin bashi ya taru. Amma don Allah ban da zagi da ɗaga hannu a kan ma'aikata. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wanda kuka samu a gabanku ya ga layi mai tsawo kafin ku, kuma yawancinsu iya ƙoƙarinsu suke yi.

Ranar sallama kar ku fita sai kun san ranar dawowa, da yadda za a sha magani, da alamun da in an gani za a dawo kafin ranar. Kar a daina magani don an ga sauƙi, likita ne zai rage a hankali. A gida a bar shi ya koma kasuwa ko makaranta gwargwadon ƙarfinsa, a ci abinci da shi, a tsawata wa yara kan tsokana, kuma ba duk fushin da ya yi ne ciwo ba, shi ma yana da damar ransa ya ɓaci kamar kowa.

Bayan ya natsu sosai ku zauna da shi ku rubuta yadda yake so a yi in abin ya sake dawowa: wa yake so ya raka shi, wane asibiti, wane magani ne ya wahalar da shi a baya, wa zai riƙe masa shago da kati, wa ya yarda a gaya wa, wa bai yarda ba. Ya sa hannu, ku ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗayan ku kai wa likitansa ya sa a fayil a zuwa na gaba.